Kujeru Ukun Da Muka Kwashe Daga Barandar Talatu

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Talatu, kuma kamar kowace shekara, tun da sassafe hotonta ya fara yawo a wayoyinmu. Hoton nan ne dai guda ɗaya, wanda ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata, ta haɗe hannuwa, ta sha mur kamar wadda aka tsayar gaban alƙali. A ƙarƙashinsa an jera kyandirori da furanni da addu'o'i. Ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina ƙawance da ita, ban san matar da ke cikin hoton nan ba. Talatun da na sani, in ta ƙyalƙyale da dariya har maƙwabta sai sun leƙo. Hotunan da take wannan dariya kuwa ba su taɓa yawo a wayar kowa ba, domin ni na ɓoye su.

A Birmingham muka haɗu, cocinmu ɗaya, layinmu ɗaya a Small Heath. Bayan mijinta ya rasu ta samu aiki a wani shagon sarin tufafi a Cheetham Hill, ta tattara ta koma Manchester, hukumar gari, wato council, ta ba ta flat a hawa na sha huɗu na wani dogon bene. Ɗakin ba abin a zo a gani ba ne, lift ɗin ma ya fi daɗewa a lalace fiye da yana aiki. Amma barandar! Daga nan kana kallon rufin shagunan sari a jere, ga jirgin tram mai ruwan ɗorawa yana silalewa tsakanin gidaje, can ƙarshen gari kuma, ranar da hazo ya yi mutunci, ga duwatsu. Talatu ta dage da duwatsun garinsu a jihar Filato suke kama. Ni ban ga kamar ba, amma ban taɓa musa mata ba.

Asabar ɗin farko ta kowane wata mu uku muke hawa jirgin ƙasa mu je mata: ni, da wani dattijon ikilisiyarmu, da shugabar zumuntar mata. Zan kira su Dattijo da Uwar Zumunta, sun san kansu. Abin da yake kai mu ba ɓoyayye ba ne gare mu. A cocinmu duk wanda aka gani da kwalbar giya horo ake sa shi, ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji har sai dattawa sun gamsu ya tuba. A Small Heath kuwa kowane shago akwai idon sani. Sai muka samu hawa na sha huɗu, inda babu mai leƙo mu sai tantabaru. Talatu takan gasa nama ta barbaɗa yaji, ta soya gyaɗa, ta buɗe jar giyar inabi wadda muka raɗa wa suna zoɓon Turawa. Ba buguwa muke yi ba. Kwalba ɗaya, in hira ta yi daɗi biyu, daga la'asar har rana ta gangara bayan rufin shagunan, mu yi ta labarin gida da gulmar mutane. Dattijo ne mai juya kofi yana shinshinawa kamar a gonar inabi aka yanke masa cibiya.

Kowa da kujerarsa ta naɗewa. Shuɗiyar ta Dattijo ce, mai matashin ta Uwar Zumunta, mai gajeriyar ƙafar tawa. Talatu tana da tata ta kaba. Sai kyanwarta, wadda ta sa wa suna Kansila, wai don ta ci ta kwanta, in ka kira ta kuma ba ta amsawa. Kansila ba ta son baƙi, da ta ji baƙuwar murya sai ƙarƙashin gado. Amma cinyar Dattijo tata ce, tun kafin ya gyara zama ta haye.

Talatu ba ta taɓa jin kunyar kofinta ba. Takan ce, “Ni fa ba sata na yi ba, Rahila. Ku ne masu suna a coci.” Don mu ta yi shiru. Mu muka roƙe ta kada ta gaya wa kowa, har 'yarta Naomi, wadda a lokacin take jami'a a Birmingham, kuma gida ɗaya take zaune da 'yar Dattijo. Talatu ta ɗauki alkawari ta riƙe shi har ta mutu.

Da safiyar wata ranar aiki ta yanke jiki ta faɗi a shago, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Makullin flat ɗin na biyu a hannuna yake. Ban gama kuka ba Dattijo ya kira ni. “Sista Rahila, gobe da rana fasto da mata za su raka yarinyar gidan. Ya kamata a rufa wa Maman Naomi asiri.” Haka ya ce, kuma haka na yarda, ban tsaya na tambayi kaina asirin wa za a rufa ba.

Washegari da hantsi muka isa a motarsa. Ban taɓa ganin aikin da aka yi da zafin nama irin na ranar ba. Muka kwashe kwalabe, da kofuna huɗu masu dogon wuya, da abin buɗe kwalba. Na ɓalle hotunan da ta manna a jikin firij, duk mu ne a baranda, baki har kunne, kowa da kofinsa a sama. Uwar Zumunta ta dubi barandar ta ce, “Kujerun nan ma za su jawo tambaya.” Muka naɗe ukun, Dattijo ya sauke su but ɗin mota. Ita kuma ta ɗauko littafin addu'o'in Talatu ta ɗora a kan kujerar kabar, ta gyara masa zama. Muka kulle, muka sauka, muka jira a bakin titi, sannan muka sake hawa tare da fasto da Naomi kamar yanzu muka iso.

Dattijo har tambaya ya yi ta ina banɗaki yake. Yana zama a falo kuwa sai ga Kansila ta fito daga ƙarƙashin gado, ta ratsa ƙafafuwan mutane, ta haye cinyarsa. Naomi ta ɗago da jajayen idanu ta ce, “She never does that. Ba ta zuwa wurin baƙi.” Ko a jikinsa. Ya ce, “Dabba ta san bawan Allah, 'yata,” ya ture ta ƙasa ya karkaɗe wandonsa.

Wata biyar ke nan Naomi ba ta taka gidan ba. Sun samu saɓani da uwarta a kan wani saurayi, irin saɓanin da kowace uwa da 'ya suke yi su shirya. Ta buɗe ƙofar baranda, na bi ta. Kujera ɗaya tak, tana fuskantar gari, da littafi a kai. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo.

“Anti, haka Mum take zama? Ita kaɗai, every day?”

Na ce, “Mamanki mai son shiru ce. Addu'a take yi a nan.”

Da bakina na faɗa, ina tsaye daidai inda kujerata take zama. Sawun ƙafafunta ma yana nan a jikin siminti.

A wurin jana'iza Dattijo ne ya ba da shaida. Ya yi maganar gwauruwa mai tsoron Allah wadda ta ƙare kwanakinta ita kaɗai a saman bene, daga ita sai addu'a. Ya ɗan tsaya, ya goge ido, ya ƙara da cewa yaran zamani su riƙa tunawa da iyayensu tun suna da rai. Bai kira suna ba, amma duk majami'ar ta juya tana kallon Naomi. Tun daga ranar ba ta sake shiga coci ba, mu kuwa muka samu abin faɗa, wai tarbiyyar Turai ce.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Talatu za ta ce da ta dawo yau. Duwatsun nan nata an gina dogayen benaye sun tare su, na san za ta yi tsaki ta ce dama Turawa ba su san abin kallo ba. Barandar yanzu shanyar wasu ce a kai. Uwar Zumunta ce take fara tura hoton kowace shekara, ita ke zaɓar kyandir. Dattijo ya zama shugaban dattawa, bara ma shi ya karanta horon wani matashi da aka gani da gwangwanin giya a wurin biki, murya a dake, ba ko gargada. Wannan duk dariya Talatu za ta yi, ta ce a gaishe mata da mai shinshina kofi. Amma abin da muka yi wa 'yarta, shi ne ba na jin za ta yafe. Ta rufa mana asiri da ranta, mu kuma muka saka mata da ɗora wa 'yarta laifin da ba ta yi ba.

Naomi ta gama karatu, tana aiki, tana zaune a unguwar Rusholme, can Manchester, da mijinta da 'yarsu, wadda ta sa wa sunan Talatu. Naomin ce ta ɗauki Kansila. Ba ta daina kirana ba, domin a wurinta ni ce ƙawar uwarta ta gaskiya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Bara ta gaya mini likitanta, GP, ya tura ta wurin masu ba da shawara, don har yanzu ba ta iya jure ganin kujera ɗaya tak a baranda. “Na bar ta ta mutu daga ita sai cat, Anti. Wata biyar, saboda wani banza da ko aurensa ban yi ba.” Na ce mata sai haƙuri. Na ajiye waya na je na yi shiri, na tafi gwajin waƙa a coci.

Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba. Bencin baya nake tsoro. Ina tsoron in zauna can kusa da ƙofa matan da na koya wa waƙa suna waiwayena. A kan wannan benci na bar yarinya ta yi shekara bakwai tana ganin ita ta yasar da uwarta. Ina jin haushin Dattijo, ina jin haushin Uwar Zumunta, amma su ba su Naomi ta tambaya ba. Ni ta tambaya.

Kujerun dama a ɗakin ajiyata aka zube su tun ranar, tare da hotunan a cikin jakar leda. Asabar da ta wuce na sa su a mota na kama hanyar Rusholme. Na jingina kujerun a falonta, na miƙa mata jakar, na faɗi komai ban rage ba. Ta zauna a ƙasa tana ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya. A wani, uwarta ta jefa kai baya tana dariya har ana ganin wushiryarta, Kansila a cinyar Dattijo. A bayansa Talatu ta rubuta kwanan wata, kwana goma kafin ta rasu. Kansila, wadda yanzu ta tsufa da ƙyar take tafiya, ta zo ta shinshina shuɗiyar kujerar, ta hau goga mata kai.

Naomi ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

“So she was happy,” ta ce. “Tana da mutane.”

Na ce, “Tana da su.”

“A'a, Anti. Ku ne kuke da ita.” Ta ɗauke kyanwar daga jikin kujerar ta rungume. “Shekara bakwai. Kin riƙe baby na a naming, kina kallona.” Ta tattara hotunan ta riƙe su a ƙirji, ta buɗe mini ƙofa. “Hotunan nawa ne. Kujerun ki mayar wa masu su.”

Ban sani ba ko za ta sake kirana, kuma ba ni da bakin roƙonta. Abin da ya rage na Talatu ba hoton ɗankwalin nan ba ne, ba kuma shaidar da aka bayar a kanta ba. Dariyar nan ce da ta koma hannun 'yarta a makare, da jikar da za ta tashi ta san kakarta mace ce mai buɗe ƙofa, mai gasa nama, mai riƙe alkawari ko ga waɗanda ba su cancanta ba.

Tawa kujerar, mai gajeriyar ƙafa, a kanta nake zaune ina wannan rubutu, a bakin tagata da babu abin da take kallo sai bangon maƙwabci da kwandunan shara. Sauran biyun suna but ɗin mota. Ranar Lahadi zan riga kowa zuwa, in buɗe su a ƙofar coci, shuɗiyar da mai matashin. Sannan in shiga in zauna a bencin baya da ƙafata, tun kafin Dattijo ya miƙe ya karanta sunana.