Tsagar Kunnen Dama

Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, ni da ƙanwata. Matar da Baba ya auro bayanta ita ta raine mu, muna kiranta Inna. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta shigo gidanmu, a wani ƙauye gabas da Daura, da tunkiya guda daga gidan iyayenta.

Aikinta a jere yake. In ta idar da sallar asuba sai ta share turke, ta jiƙa dusa da kanwa, ta zuba harawa, sannan ta ɗora mana koko. Tunkiyar nan ta cika gida da tumaki. Daga baya ta ba da raguna aka musanyo mata maraƙi ja, ta ɗaure shi kusa da ƙofar ɗakinta.

A garinmu, in an gama kaka ana sakin dabbobi su bi makiyayi guda, kowane gida da shaidarsa a kunne. Tamu tsaga ce a kunnen dama. Duk abin da aka haifa a turken Inna, Baba ke tsaga masa da aska, ita ke riƙe kan. Ba ta taɓa tunanin ta yi tata shaidar daban ba.

Baba ya rasu a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin mun yi aure. Da yake bai bar ɗa namiji ba, ƙaninsa, Baffa, ya shiga cikin magada. Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, malamin gari ya zauna, mazajenmu suka zauna. Inna tana takaba, tana daga bakin ƙofa.

Malam ya tambaya, "Dabbobin nan na wa ne?"

Baffa ya kamo tunkiya ya ɗaga kunnenta. "Allah gafarta malam, ga amsa nan. Tun kakanmu tsagar nan tamu ce."

Inna ta ce, "Nawa ne. Kai ma ka sani."

"Matar Yaya, abin da na sani kin iya kwashe kashi. Baran gida ma yana kwashewa, ba ya cin gado."

Na ce na shaida nata ne. Baffa ya ce mace ɗaya ba ta cika shaida. Aka dubi ƙanwata, mijinta ya yi gyaran murya, ta sunkuyar da kai. Malam ya ce to Inna ta rantse. Ta ce ba za ta dafa Alƙur'ani a kan dabba ba, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba.

Aka raba. Ta samu tumuninta, 'yan tsofaffin tumaki. Rabona da na ƙanwata mazajenmu suka kora kasuwa ba tare da sun tambaye mu ba. Maraƙin, wanda ya riga ya zama sa, ya faɗa hannun Baffa. Da Inna ta fita takaba ta koma gidan wanta wajen Zango.

A gidan Baffa kuwa, san nan ya ƙi cin abinci. Aka canza masa dusa, aka kira mai allura, sai ramewa yake, haƙarƙari a waje. Baffa ya aika mata: "Ki zo ki kwance sammun da kika yi masa."

Na je na ce, "Inna, kada ki taka gidan nan."

Ta ce, "'Yar nan, shi me ya yi? Yunwa yake ji."

Ta je. A zauren Baffa aka ba ta wurin ajiye tabarma. Ta shafa wa san wuya, ya sa baki a kwano. Ta zauna har tozonsa ya tashi, gashinsa ya yi sheƙi, tana kuma surfa wa matan gidan gero.

Gab da Babbar Sallah fatake suka zo da babbar mota mai zuwa Kudu, Baffa ya sayar musu da san. Maza suka ja, suka doka, suka murɗe masa wutsiya, ya kafe a gindin katakon hawa. Baffa ya yi dariya ya ce, "A kira uwarsa."

Ta fito ta karɓi igiya, ta yi masa irin kiran da take yi in ta kawo dusa. Ya bi ta har cikin motar. Ta sauko, aka rufe ƙofa. Baffa ya ce ta wanke kwanon dusar kafin ta tafi, nasa ne.