Marka da Mutumin Bokiti

Habsu ta daɗe da gano cewa fim ɗin da mace ke roƙo a saka mata ya fi bakinta faɗin gaskiya. Bazawara ce, aure biyu babu haihuwa, tana zaune gidan mahaifinta a Gummi. A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da gidajen kallo na maza suka yi ta rufewa, ƙanenta ya aiko mata daga Sakkwato da talabijin da bidiyo da ɗan janareto da kwali cike da kaset. Ta rufe taga da bargo, ta kai janareto bayan rumbu. Tsakanin azahar da la'asar matan unguwa suka fara shigowa, kowace da uzurin aron rariya.

Ba ta jin Indiyanci, ba ta jin Turanci, amma ita ce mai fassara. Takan zauna gefen talabijin, ta dubi idon mutum da motsin bakinsa, ta sa masa maganar da ta dace da shi. Ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, don babu mai iya kamawa.

A ƙasan kwalin akwai wani kaset da ba shi da suna ko hoto. Ranar da ta fara saka shi, mata suka kusa cinye ta. Babu waƙa, babu rawa, babu faɗa. Wani dogon Bature ne mai sanƙo, shekarunsa sun isa aurar da ɗiya, sanye da rigar ruwa da ta yi masa kaɗan, yana yawo da agwagwa a cikin bokiti yana nema mata tafki. Yana gaida turakun lantarki. Ya shiga mota ya zaunar da agwagwar a kujera, shi ya tsaya. A ƙarshe ya sami tafkin, agwagwar ta ƙi shiga, sai shi ya shiga da takalmansa, ita tana bakin ruwa tana kallonsa.

"Wanga ai ɓarnar mai ce," in ji wata, ta yafa gyale ta fita.

Amma akwai waɗanda suka zauna har ƙarshe, kuma suka dawo. Ba su da yawa. Suka sa masa suna Mutumin Bokiti. Idan biyu daga cikinsu suka haɗu a gidan suna, ɗaya takan ce, "Ina agwagwarki?" ɗayar ta amsa, "Ta ƙi wanka," su bushe da dariya, sauran mata suna kallonsu kamar masu iska. Habsu ta san dalilin kowace. Wata mijinta soja ne mai tsawa, tana hutawa da ganin namiji da ba ya tsoratar da kowa. Wata tsohuwa idonta ya yi rauni, fim ɗin kuwa ba ya sauri. Mutum ɗaya ce ta gagare ta, ita ce Marka.

Marka mai turara shinkafa ce. An haife ta a gefen Bukkuyum, uwarta Bafulatana, ubanta manomi. Aka kawo ta Gummi tana ƙarama, ta auri wani mai noman fadama, ta haihu da yawa, ƙasa ta rufe wasu, suka rage biyu: ɗan fari, Sanusi, da auta, Amina. Tun daga lokacin rayuwarta ta tsaya tsakanin tukunyar gangar ƙarfe da tabarmar shanya. Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sheƙe. Masu saye sukan ce shinkafarta babu tsakuwa, fuskarta babu fara'a. Ko a bikin maƙwabta ba a taɓa ganin haƙoranta ba.

Wannan matar ce ke shigowa da kwanon shinkafa maimakon kuɗin mai, ta zauna can baya kusa da ƙofa, ta ce, "Habsu, in babu mai sauri, a sa muna wancan." Kuma idan Mutumin Bokiti ya cire hula ya gaida turke, sai Marka ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Habsu ta daina kallon talabijin, ta koma kallon Marka.

Ba wuya mutum ya tuna da Sanusi, kuma Habsu ta tuna. Ya haura talatin, gemu ya fito masa sosai, amma hankalinsa ya tsaya inda na yaro ɗan bakwai yake. Yakan wuni a mashaya yana yi wa masu kwalekwale sannu da zuwa, ko ya bi jakunan da ke ɗauko shinkafa daga fadama yana hira da su. Ba ya cutar da kowa. Abin da ya ɗaure wa Habsu kai shi ne, mace mai irin wannan ɗa a gida, me zai kai ta neman irinsa a cikin akwati? Wanda ke da ciwo a ƙafa ba ya biya don a nuna masa gurgu.

Amsar ta zo mata wata hantsi da ta je sayen shinkafa. Sanusi ya shigo da gudu, tafin hannunsa a rufe, yana cewa, "Adda, Adda, duba." Adda yake kiran uwarsa, kamar yayarsa ce, haka aka koya masa tun yana ƙarami. Ya buɗe hannu, ga wata fara mai jan fiffike. Marka ba ta ɗaga ido daga faifai ba. Ta ce wa Amina, "Ki ba wancan abincinai shi hita, akwai mutane."

Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Marka ta sha ta daga nonon Fulani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta tsoma baki cikin zancensa. Ga sauran mata abin yana da sauƙi, don dangi kan ɗauke yaron da zarar an yaye shi, ya girma a wani hannu, ya yi aure, uwa ta huce kunyarta a kan jikoki. Na Marka babu wanda ya ɗauka. Iyatu, yayar mijinta, ita ce ya kamata ta yi riƙonsa, amma da ta ga yaro ya shekara uku bai yi magana ba, sai ta ce ƙafarta na ciwo. Ya zauna a gaban uwarsa shekara da shekaru yana yin abubuwan ban dariya, ita kuwa ba ta da izinin kallo.

Habsu ta koma gida tana jin daɗin da mai gano ɓoyayyen abu ke ji. Ba tausayi ne ya fara zuwa mata ba, wannan ya zo daga baya.

A kakar shekarar nan, bayan rasuwar mijin Marka, Sanusi ya kwance jakunan wani mutum saboda a ganinsa suna jin ƙishirwa. Suka bi ta cikin lambun albasa kafin su kai ruwa. Aka yi ƙara, aka ba da haƙuri. Baffa Yakubu, ƙanen marigayi, ya yanke cewa da an gama sussuka za a kai Sanusi Gwashi, wajen dangin uwar Marka, ya bi shanu. A zaure aka yi maganar. Ba a tambayi Marka ba, kuma da an tambaye ta, ladabi shi ne ta ce, "Naku ne." Mutum ɗaya Baffa Yakubu ke jin maganarta, yayarsa Iyatu, ita kuwa ta ce daji zai yi masa kyau.

Marka ta ci gaba da zuwa kallo. Habsu ta ƙudura sai ta buɗe ta. Akwai wani wuri a tsakiyar fim da ake kai Mutumin Bokiti wani babban gida mai fararen gadaje, a ba shi abinci, a karɓe bokitinsa, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Kullum Habsu kan ce yana tambayar ina agwagwarsa. Ran nan sai ta sauya murya ta ce, "Shina cewa: Adda, mi na yi miki da ba ki dubana?"

Marka ta miƙe, ta gyara zanenta, ta fita ba ta ɗauki kwanonta ba.

Tsohuwar nan mai raunin ido ta juyo. "Ke Habsu, wadda ba ta haihu ba ta ɗauka kunya gyale ce da aka cirewa in an ji zahi. Kin tuɓe mata zane gaban mutane."

"Taimakonta ni ka yi, Inna."

"Taimakon kanki dai. Kin so ki ga abin da ke cikin tukunya, kin hwasa ta."

Marka ta ɗauke ƙafa. Aka fara yankan shinkafa, aka tara dami a fadama. Habsu ta aika da kwanon, aka karɓa ba saƙo. Ta saka kaset ɗin sau ɗaya, ta ji ba ta iya fassara shi, ta kashe.

Ana gab da gama sussuka sai ga Marka a bakin ƙofa, tana riƙe da hannun Iyatu, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin kallo ba.

"Gwaggo ta ce tana son ganin abin da ka cinye shinkafata," in ji Marka. "A sa muna wancan."

Iyatu ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Fim ya fara. Ta kalli Bature na gaida turke, ta ce, "Wanga ƙato ba shi da dangi ne?" Aka yi dariya. Habsu na fassara a hankali, tana taka kowace kalma kamar mai tsallake ƙaya. Da aka iso gidan fararen gadaje, Marka ta yi magana daga bayan ɗaki.

"Habsu, huta. Nan wurin ba ki iya shi ba."

Ba ta matso ba, kuma idonta na kan talabijin.

"Kun gani sun aje mishi abinci sun tsaya kanai. Ba shi ci. Irin wanga mutum ba shi cin abinci in ana kallonai, sai an aje an ba shi baya. Su ba su sani ba, za su ce ƙoshi ne. Ga shi sun ba shi gado kusa ga taga. In hadari ya taso, ƙarƙashin gadon za shi shiga, kuma ba a jawo shi, sai dai a zauna kusa ana wani aiki har shi hito da kanai. In ya ji ciwo ba shi hwaɗi, dariya shi kai. Sai wanda ya san irin dariyar. Kuma shina tsoron abu mai ƙaho."

Babu saniya ko ɗaya a cikin fim ɗin, kowa ya sani. Babu wadda ta juya. Marka ba ta kira suna ba, ba ta ce ɗana ba, ba ta roƙi kowa ba. Bature take yi wa bayani, kuma babu al'adar da ta hana mace sanin halin Bature.

Iyatu ta daɗe tana murza gwiwa. "To ke da kin san shi haka, ina dangin wanga ƙato sunka shiga har anka kawo shi nan?"

"Wa ya sani, Gwaggo. Wataƙila lokacin da ya kamata su ɗauke shi, wani uzuri ya hana."

Iyatu ta dubi Marka, Marka na duban talabijin. Tsohuwar ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Kin daɗe kina jiƙa wagga shinkafa, Marka."

"Ba ta turaruwa sai ta jiƙu, Gwaggo."

Ba su jira ƙarshen fim ba. Iyatu ta ce hayaƙin janareto na hawa mata kai, Marka ta kama ta suka fita.

Ba a kai Sanusi Gwashi ba. Ba a bar shi gidan uwarsa ba kuma. Iyatu ta kira Baffa Yakubu ta ce ɗan ƙanenta nata ne tun ranar yaye, yanzu ta tashi karɓar abinta. Aka kwashe tabarmarsa da 'yan tarkacensa zuwa gidanta, wanda katanga ɗaya ta raba da na Marka. Wasu suka ce kunya ce ta kama tsohuwa. Wasu suka ce ta dai sami mai ɗebo mata ruwa. Habsu ta auna duka biyun, ta ga babu wanda ya kore ɗaya.

Abin da ba ta iya aunawa ba shi ne Marka. An bar mata ɗanta a gari, an fitar da shi daga gidanta, ga Amina ana zancen aurenta. Riba ce ko hasara? Da suka haɗu a wajen inji, Habsu ta gaishe ta, ta ba da haƙurin da ta daɗe tana riƙe da shi, sannan halinta ya rinjaye ta.

"Yaya Marka, haka kika so abin shi ƙare?"

Marka ta ɗora buhu a ka, ta gyara gammo.

"Ɗan Gwaggo ne yanzu," ta ce. "Jiya ya shigo aron wuta, ya zauna ya ba ni labarin wani jaki. Ɗan maƙwabta in ya shigo, ai ba a korarsa."