Murfin Kwalba Biyu da Na Sauya

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana bayan jinyar kwana tara, yana da shekara talatin da huɗu. Ni da nake ta haɗa kayan tafiya, ga ni zaune ina rubuta ta'aziyyarsa.

Angona, Mai Kwalabe, da kai nake. Jikokin mutane turare suke kawo musu, kai tsutsa kake kawo mini. Ka cika tagar ɗakina da kwalabe, wai inuwata ta fi ta ofishinku na binciken ƙwari. Kowace tsutsa da ganyen da take ci, kowace kwalba da lamba a murfinta. Sai ta naɗe kanta, ta fito da fukafukai, sannan ka faɗi irin asun da ta zama, ka rubuta a littafi. Na ce asu ai ɗaya ne, mai cin kaya a akwati. Ka ce, "Amarya, kin zagi dangi dubu saboda ɓarawo ɗaya."

Manoma kan zo da ganye a leda, ka duba ka ce wannan ba ta ɓarna, a ƙyale ta. Ran da gizaka ta sa ni susa, kana shafa mini mai amma ita kake ba haƙuri.

Akwai abin da na ɓoye maka. Bara, bayan tsutsa koriya mai ƙaho da baƙa mai gashi sun naɗe, ba a gane wace ce wace, na sauya murfin kwalabensu. So nake ka rikice in sha dariya. Suka fito, ka duba, ka rubuta, kamar ba abin da ya faru. Kunya ta kama ni. Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka.

Shekaranjiya abokiyar aikinka ta zo ɗaukar littafin, za a buga shi da sunanka. Na ga ɓarnata za ta zama kuskurenka a idon duniya. Na riƙe hannunta na faɗa mata komai. Ta buɗe shafin ta karanta mini: "Lamba tara da sha biyu, Kaka ta sauya murfi, na gyara. Kada a gaya mata na gane, tana jin daɗinta."

Ja'irin miji! Shekara guda kana kallona kana dariya a ciki. Ka ci ni, kuma ba ka tsaya na rama ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. 'Yata da ta haife ka, matarka da 'yar da ka bari, Allah Ya ba ku haƙurin da ni har yanzu nake nema. Ya haɗa mu a Aljanna, amin.