Alhaji da Rigar Sanyi

Har yau ban manta da wata Talata ba, ina ƙaramar nas a sashen fata. Aikina lokacin in rubuta tarihin majiyyaci a kati, sannan in shigar da shi wurin likita.

Aka kawo jaririya 'yar wata biyu, fatarta ta yi ja tana saluɓewa ko'ina. Uwarta Hajara sai hawaye. Yayar mijinta, Hajiya Ladi, ita ke ta bayani ba a tambaye ta ba.

"Sista, man bilicin ne ta yi ta laftawa da ciki. Mu babu wannan a danginmu. Ran Juma'a za ta koma gidan ubanta a Gangare."

Raina ya ɓaci, don Hajara baƙa ce wuluk, bilicin bai san hanyar gidanta ba.

A ƙa'ida, in an haifi yaro da ciwon fata, iyaye biyu ake dubawa. Amma maza a mota suke zama, mu ma mun saba ƙyale su. Na leƙa, ga uban jaririyar, Alhaji Sabo, da rana tsaka cikin rigar sanyi har wuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu kawai za ka sa." Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Da ya shigo, likita ta ce ya cire riga. Ya ce sanyin Jos ba ya barinsa. Na kashe fanka, na rufe taga, na tsaya ina kallonsa. Da ya cire, ga layi-layi masu kaushi sun murɗo daga hammata zuwa cibiya, gefe ɗaya kawai.

Shi da kansa ya kira shaida. "Yaya, zo ki gaya musu, da shi aka haife ni."

"Ƙwarai, ni na goya shi," in ji ta.

Likita ta yi bayani a hankali. Canjin ya faru tun Alhaji yana cikin mahaifiyarsa, a wasu ƙwayoyin jikinsa kaɗai, shi ya sa ya tsaya a layi. Jaririyar kuwa daga ƙwayar da ta canja aka same ta, sai ya game jikinta duka. Ba laifin kowa ba ne, kuma za a koya musu kula da fatar.

Na sunkuya wajen Hajiya Ladi na ce, "Hajiya, to ran Juma'ar wa za a mayar gidan ubansa?"

Likita ta harare ni, daga baya na sha faɗa. Amma Hajara a gaban mota ta koma gida.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon aikin jinya, kada ku rufe kati da uwa kaɗai. Rabin tarihin yana waje cikin mota, ya ɗaga gilashi.