Tabon da Papa Ya Cire

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba. Na bar makaranta a aji uku na sakandare. An kai ni gareji, na gudu. An kai ni wurin kafinta, na gudu. Na hau babur ina ɗaukar fasinja tsakanin Kafanchan da Kagoro, har ranar da na zubar da wata mata da kwandon tumatir ɗinta a kwana. Ranar ce Baba ya zaunar da ni, ya yi mini magana da yaren gida, ba da Hausa ba. In ya yi haka, to magana ta ƙare.

"Saura wuri ɗaya," in ji shi. "In suka kore ka, gonar citta. Ba ka ƙara kwana a gari."

Wurin ɗayan shi ne shagon buga takardu na wata da ake kira Madam, kusa da tashar jirgi. Ibo ce, amma a Kafanchan ta haifi yaranta duka, kuma cocinmu ɗaya da ita. Mijinta, Papa, tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Ba shi da aiki a shagon, amma kullum yana nan da tsumma a kafaɗa, yana goge janareta, yana goge firinta, yana sa kunne a jikin kowane inji kamar likita.

Kwamfuta ɗaya ce a shagon, ta gwanjo, daga Legas aka kawo ta. Yarinyar da ke taifin kafin ni ta koya mini kafin ta yi aure. Abu na ƙarshe da ta nuna mini shi ne wasu maɓallai biyu ƙanana a gaban akwatin. Ta ce, "Waɗannan, ko da wasa kar ka taɓa. Na taɓa ɗaya, aikin yini ya ɓace." Na ce to. Kusa da su akwai ɗan gilashi, amma Madam ta manna sitikar coci a kai tun ranar da aka kawo kwamfutar.

Abin mamaki, wannan aikin ƙafata ba ta yi ƙaiƙayi ba. Ka danna, harafi ya fito. Ka yi kuskure, ka share, babu wanda ya sani. Ɗaliban kwalejin da ke garin Gidan Waya suna kawo furojet ɗinsu na kammala karatu in buga musu, suna kira na oga. Ni da ban gama aji uku ba.

Wata Litinin da safe, lokacin wahalar fetur, na iso na tarar da Papa yana naɗe tsummansa. Ya ce, "Yaro na, na cire wa injin nan tabo." Na duba akwatin, na ga yana sheƙi. Na ce, "Na gode, Papa, sannu da aiki." Na kunna.

Daga ranar kwamfuta ta koma tsohuwa mai ciwon gwiwa. In na buga layi, sai in naɗe hannu ina kallon haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. In na ce ta juya shafi, sai ya riƙa saukowa daga sama a hankali kamar ana sauke labule. In na ce ta ajiye aiki, zan iya zuwa in sayi ƙosai in dawo tana nan tana gurnani.

Akwai wata ɗaliba da furojet ɗinta ke hannuna, kuma dole ta miƙa Litinin mai zuwa. Kullum sai ta hau babur daga Gidan Waya ta zo ta tsaya a kaina.

"Oga taifis, shafi nawa yau?"

"Ana kan yi, anti."

"Ana kan yi? Da hannu na rubuta abin nan, kuma na fi injinka sauri."

Madam tana jin mu. Da ɗalibar ta fita, ta juyo. Hausarta ba ta san mace ko namiji ba, amma tana kaiwa inda aka aike ta.

"Kai ne ya lalata shi. Wane diski ka sa mishi?"

"Mama, ban sa komai ba, sai na ɗalibai."

"Yarinya ya yi shekara da shi lafiya. Kai ka zo, ya kama ciwo. Ɗan ƙanwata yana Aba, ya yi makarantar kwamfuta. In Asabar ya zo abin nan bai tashi ba, zan aika mishi."

Duk abin da na sani na yi. Na goge tsofaffin takardu, har da katunan aure na bara, wai ko nauyi ya yi mata yawa. Ba canji. Na hau mota zuwa Gidan Waya na roƙi wani malami diskin kashe bairos, ya ba ni aro yana kallona kamar ba zan dawo da shi ba. Diskin ya yi rabin yini yana bincike, ya ce babu komai. Na sa ta jera kayan cikinta, wannan da ƙananan akwatuna ke tsalle a gilashi, na zauna ina kallonsu har yamma. Ba canji. Na ce ƙila wutar gwamnati ce ba ta da ƙarfi, na roƙi Madam muka kunna janareta da ɗan fetur ɗin da take ɓoyo. Ba canji, sai harara.

Ranar Alhamis na jira Madam ta tafi taron zumuntar matan coci, na kwance akwatin da sukudireba. Na ari famfon keke na hure ƙurar ciki, har da gawar kyankyaso ta fito. Fanka tana juyawa lafiya. Na danna duk abin da ya yi kama da zai dannu, na mayar da murfi, na yi addu'a da yaren gida da Hausa da ɗan Turancin da nake da shi. Na kunna. Ta tashi a hankali kamar jiya.

Abinci ya daina shiga. In na rufe ido, gonar nake gani: kunya bayan kunya, ɗaukar ciyawa a ka don rufe citta, kankare ta da wuƙa har yatsu su yi zafi, da yaran ƙauye suna cewa ga ɗan birni ya dawo. Na yi tunanin in shiga jirgi in ɓace. Amma jirgin ma a lokacin sai ya ga dama yake zuwa.

Juma'a Madam ta kawo man zaitun ta ɗiga a kan akwatin, ta ɗora hannu ta tsawata wa ruhun jinkiri. Na ce amin da ƙarfi fiye da nata. Papa yana gefe yana girgiza kai. Ya ce, "Tsufa ne. Inji ma yana tsufa."

Asabar da hantsi ina zaune gaban gilashi, ɗalibar tana bayana ta daina ma zagi, sai na ji ƙarar keke a ƙofa. Baba ne. Wani daga coci ya kai mishi labari. A bayan keken ya ɗaure sabuwar fartanya, ƙotar ko datti ba ta yi ba. Ya gaishe da Madam, ya gaishe da Papa, ni bai kalle ni ba.

"Na zo in rage muku wahala," in ji shi.

Papa ne ya ja wa Baba kujera.

"Baban yaro, zauna. Yaronka ya yi ƙoƙari, ni shaida ne. Ni ma na yi nawa. Tun Litinin na cire mishi tabo don ya huta, duk da haka bai ji daɗi ba."

Baba manomi ne, ba ya barin magana ta wuce shi. Ya dubi akwatin sama da ƙasa.

"Wane tabo? Ina ya ji ciwo?"

Papa ya yi dariya. "Ba tabon ciwo ba. Tabo na inji, mai ƙara wuta. Kan jirgi yana da shi, manyan motoci suna da shi. Tsohon inji, in ka bar mishi tabo, zai sha mai, zai yi zafi, wata rana ya buga. Ga shi nan."

Ya miƙa yatsa ya nuna ɗaya daga cikin maɓallan nan biyu. A ƙarƙashinsa akwai rubutun Turanci da ya kusa gogewa, TURBO, wanda kullum nake gani ban taɓa jin an faɗe shi da baki ba. Ni duk satin nan na ɗauka datti Papa ya goge.

Ban nemi izinin kowa ba. Na danna. Wata ƴar fitila ta kama. Na ɓare gefen sitikar Madam, na ga lambar gudun injin tana haske a ƙarƙashi. Na buga layi, ya fito kafin in ɗaga yatsa. Na juya shafi, ya juya fat.

"Yesu!" in ji ɗalibar. "Oga, kar ka tsaya, buga!"

"Kashe shi!" in ji Papa. "Za ka ƙona wa mutane inji!"

Madam ta juya kan Papa da Ibo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji fetur ya fito a ciki, na ji man zaitun. Papa yana cewa shi ya ja jirgi daga nan har Fatakwal, ba wanda zai koya mishi inji. Ni dai ina bugawa, hawaye na sauka a kan haruffa, ina sharewa da gefen hannu kar Baba ya gani.

Baba ya daɗe a tsaye a bayana yana kallon layuka suna cika gilashi. Bai iya karatu ba. Can ya tambayi Madam, "To, yana nan ko ina tafiya da shi?"

"Bar shi," in ji ta, tana nuna Papa. "Wannan tsohon za ka tafi da shi."

Baba bai yi dariya ba. Ya fita ya kwance fartanyar daga keke, ya shigo da ita ya jingine bayan ƙofa, daidai inda zan gan ta in na ɗaga kai.

"Mama, ki ajiye mini wannan a nan," in ji shi. "In ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, ki nuna mishi."