Littafin Nasiru yana cikin akwatin sifanata

Da safen nan ina kwance tayar mashin anka kira ni: Nasiru ya rasu. Mota ce, hanyar Tambuwal. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban ɗaura tayar ba.

Nasiru ma'aikacin lafiya ne da anka turo muna Kebbe. Shi ya kawo wani wasa da ya koyo a makaranta: takarda, biro, da ɗan lido mai fuska ashirin. Shi ke ba da labari, mu fuɗu kowa da gwarzonai cikin labarin. Duk Juma'a bayan la'asar, bayan shagona. Masu wucewa sunka ce caca ce. Ya ce, "Ku zauna ku gani, ko sisi babu." Ɗayansu har yau bai tashi ba.

Dokar wasan, kowace duniya da yadda sihiri ke aiki cikinta. A duniyar ruwa, in ka jefa wuta sai tururi. A duniyar inuwa haske na raguwa, kuma duk kiran da kay yi ba ya isa gida.

Dokokin da Turanci suke, ni kuwa allo kaɗai na yi. Sai ya zauna ya juye min su da ajami cikin littafi, shafi bayan shafi. Ajaminai kamar kaza ta taka tawada. Na faɗa mai. Ya ce, "Na gode, Shehi."

Gwarzona mai wuta ne, sai ga mu a duniyar ruwa. Ran nan na saci littafin, na ƙara layi ɗaya ina kwaikwayon hannunai: wutar Sani tana ci ko cikin ruwa. Ya karanta a gaban kowa, fuska ba dariya. Sannan ya shinshina takardar.

"Sani, ni da biro nika rubutu. Wagga tawadar allo ce, har ƙanshin ƙaro take."

Wata guda ana kirana Tururi.

Juma'ar da ta wuce gwarzona ya maƙale a duniyar inuwa. Na ce ya fid da ni, ya ce doka doka ce. Da ya tashi alwala na tura littafin cikin akwatin sifana. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba jikka, ina taya shi nema har da tsaki. Da ya hau mashin ya waiwayo.

"Kar baƙin man akwatinka ya taɓa min shi. Juma'a in zo in fid da kai."

Na yi niyyar in miƙa mai in ce ya yafe min wannan da sauran. Na ce bari sai Juma'a.

Ɗazu na buɗe littafin. Layina na nan, bai soke shi ba. Ƙasa da shi ya rubuta da biro: ƙarya ce, amma hannun ya fi nawa kyau.

Nasiru, a wasanka kira ba ya tsallaka duniya. Malaminmu na allo kuwa ya koya muna addu'a tana isa inda kake, kuma ita kaɗai ta rage min.

Allah Ka gafarta mai, Ka haskaka kabarinai, Ka ba iyalinai haƙuri. Wanda duk ya karanta, don Allah ya sa Nasiru cikin addu'a. Ku roƙa min ni ma, Allah Ya sa ya yafe min kafin ya tafi.