Goggo da Kalmomi Masu Kama da Juna

Goggona, ƙanwar babanmu, shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare. Teburinta na bakin taga, kusa da durowar fayil mai ƙofar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa.

A watanta na biyu ta buga wasiƙar da ta kusa sa ta ajiye aikin. Maimakon principal, wato shugaban makaranta, sai ta rubuta principle, wato ƙa'ida. Wani malami ya karanta a ɗakin malamai, aka yi ta dariya, har aka laƙa mata suna Hajiya Ƙa'ida. Ta ce a banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, da aka tashi ta biya ta sayi ƙaramin littafin rubutu.

Duk kalmomi biyun da suka rikita ta sai ta rubuta su gefe da gefe, ta ƙirƙiro musu dabara. Loose mai "o" biyu, in ji ta, wandon da ya yi wa mutum yawa ne, ga shi nan sako-sako. Lose kuwa ya ɓatar da "o" ɗaya, shi ya sa yake nufin asara.

Bayan shekaru aka kawo sabon shugaba mai digiri biyu. Ya rubuta sanarwar taro, yana so ya ce kowa ya zo ban da masu gadi, amma ya sa accept, wato karɓa, a gurbin except, wato ban da. Goggo ta shiga ofishinsa, ta ja ƙofa, ta nuna masa a hankali. Ya haɗe rai, ya ce ai kwamfuta ba ta ja layi a ƙarƙashi ba.

"Ranka ya daɗe, duka biyun Turanci ne mai kyau," ta ce. "Ita dai ba ta san wanda kake nufi ba."

Sai ya yi dariya. Daga makon nan ya ba ta minti goma a kowane taron malamai, ta koya musu irin waɗannan kalmomi.

Yanzu ta yi ritaya, idanun sun yi rauni. 'Yan unguwa masu neman aiki na kawo mata wasiƙunsu, tana sa su karanta mata harafi-harafi. Makon jiya 'yar maƙwabciyarta ta shigo da murna, an kira ta ganawar ɗaukar aiki a wani asibiti bayan wasiƙar da Goggo ta gyara mata. Goggo ta ce ta zauna tukuna, su gwada irin tambayoyin da za a yi mata.